Mun Ci, An Cinye Su

Daren Juma'a 5 ga watan Satumba 2025 ina gida Madawa, hutu bai ƙare ba. Bayan isha'i na biya dala ashirin na shiga wani gidan kallo da ke kusa da tasha, don Mena za ta kara da Maroko a Rabat a wasan neman zuwa kofin duniya. Ɗakin ya cika har bakin ƙofa, ga zafi, ga ƙarar injin wuta ta baya. Wanda ya san ni ya san ba na rabuwa da ɗan littafin aljihu, tun da malaminmu na nazarin harshe ya hore mu da rubuta magana yadda ta fito daga bakin mai ita. To wannan dare na fito da shi, kuma abin da na rubuta shi ya hana ni barci, ba ƙwallo biyar da aka zura ba.

Kafin a take wasa, wani dattijo mai sayar da albasa da ke gabana yana ta cewa: "Yau muna ba su mamaki, mu hwa ba a raina mu." Da aka kori ɗan wasanmu guda da jan kati tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, sai ya ce: "Yaran ga ba su da hankali." Da aka kai uku: "Ɗiyan banza na, ba su iya komi." Da aka tashi biyar da nema, ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce wa ɗakin gaba ɗaya: "Wai an saida wasan ga tun jiya." Mutum guda, baki guda, cikin awa biyu. Ya shigo yana "mu", ya zauna yana "su", ya fita yana "an".

Kwana huɗu bayan haka Mena ta je Zanzibar ta doke Tanzaniya ɗaya da nema. Na gamu da shi a kasuwa washegari, yana saman buhunansa. Da ya hango ni sai ya ɗaga hannu: "Ɗan lakkwal, ka gani? Mun ci!"

Ba shi kaɗai ba ne, kuma ba Madawa kaɗai ba. Na ji irinta a fadar shayi a Buza, na ji ta a bayan a-kori-kura kan hanyar Keita, ina jin ta kullum a ɗakunan kwanan ɗalibai a Yamai, daga bakin mutanen da suka karanta littattafan da dattijon nan bai taɓa gani ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Cialdini, shi da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 1976 kan ɗaliban jami'o'in can: idan ƙungiyar makarantarsu ta yi nasara sun fi cewa "mun ci", har su sako rigar makarantar ranar Litinin, idan ta faɗi sai "mu" ɗin ta ja baya. Saboda haka ciwon ba namu ba ne mu kaɗai. Amma Hausa ta ba mu kayan aikin da suka fi na Bature kaifi, kuma muna amfani da su ba tausayi.

Dubi "an". Wakilin suna ne da ba shi da fuska. "An sayar." Wa ya sayar? Wa ya saya? Nawa? A ina aka ƙirga kuɗin? Jimlar ba ta bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, ta cika a nahawu, ta tsaya da ƙafafunta. Sai ka ɗora mata "wai" a gaba, shi ke nan ka wanke hannunka: ba kai ka faɗa ba, ji ka yi. Da kalmomi uku, "wai an sayar", ka tuhumi mutum goma sha ɗaya da cin amanar ƙasa, kuma in an ritsa ka ka ce ai ka ce "wai". A gaban alƙali, ko a gaban mai gari, wanda ya zargi maƙwabcinsa da satar akuya sai ya kawo shaida. Ɗan ƙwallo ne kawai za a kira maci amana a bainar jama'a, a yi dariya, a zuba shayi na biyu.

Sannan ga aikatau "ci", wanda ni dai ban san wata kalma a Hausa da ta kai ta ɗaukar kaya ba. Da ita ake cin tuwo, da ita ake cin wasa, da ita ake cin kuɗi, cin amana, cin mutunci. A gidan kallo tazarar da ke tsakanin "ba su ci ba" da "sun ci kuɗi" ba ta kai numfashi guda ba. Harshe ya riga ya shimfiɗa hanyar, baki sai ya zame. Idan kuma mu aka ci, ba ma cewa "an ci mu" mu tsaya nan, sai mun kai shi ƙarshe: "an cinye su". Cinyewa ba ta barin saura. Mu kuwa da muka shigo ɗakin da "mu" mun riga mun zare jikinmu daga cikin akushin.

Akwai wata ba'a da ta zagaya a lokacin, kuma na yarda tana da daɗi a kunne: wai zaki aka ba kiwon mena, ya kai ta gidan zakuna. Mai horar da ƙungiyar, Badou Zaki, ɗan Maroko ne, ƙungiyar Maroko kuwa kirarinta zakunan Atlas. Na yi dariya da na fara ji. Sai dai sunan mutumin Larabci ne, ba ruwansa da zakin dawa, kamar yadda "Mali" ba ta da alaƙa da "mallaka". Mutumin nan shi ya tsare wa Maroko gida a kofin duniya na 1986, a shekarar aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, shi ya kai Maroko wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2004 yana mai horarwa. Kana iya cewa tsarinsa bai yi maka ba, wannan haƙƙinka ne. Amma ka ɗauki dacewar sauti tsakanin harsuna biyu ka mai da ita hujjar cin amana, wannan ko ɗan aji ɗaya a sashenmu aka kama yana yi sai ya maimaita shekara.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai, don ya shafe mu mu ƴan Adar fiye da kowa.

Wasan farko tsakanin Nijar da Maroko a wannan rukuni an buga shi a watan Maris 2025. A takarda wasan gidanmu ne. Ka san inda aka buga shi? Ujda. Cikin Maroko. Mu ne masu masauki, a ƙasar baƙonmu, gaban ƴan kallon baƙonmu. Dalili kuwa hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ba ta amince da filin wasa na Janar Seyni Kunce da ke Yamai ba, ta ce bai cika ƙa'ida ba, kuma ba mu da wani da ya cika. Duk da haka a wannan dare Mena ce ta fara ci, ta ƙafar Yusuf Umaru, sai da aka shiga mintunan ƙari na ƙarshe sannan Maroko ta samu ta biyu. Wannan fa Marokon da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na 2022, bayan ta fitar da Sifen da Fotugal. Haka aka yi ta yawo da "gidan" namu: Marakesh, Barkan, Lome, Wagadugu. Yaran nan suna sauka daga jirgi su kwana a otal, su fito filin da ba wanda ya san sunan ubansu, a ce musu to ga gida.

Wa ya kamata ya fahimci wannan in ba mu ba? A Buza da Keita akwai gidan da ba shi da mutum a Abijan, ko Legas, ko Libiya? Da an gama girbi garuruwanmu sai su koma na mata da tsofaffi da yara. Lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, galibin waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka suka jera su a gangaren tsaunuka mata ne, don mazan suna ci-rani. Ƙanen babana ya yi shekaru yana tura baro a wata kasuwa a Kodebuwa. Shekarar da ya dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba wanda ya tare shi a tasha ya ce masa ɗan banza. An ce masa sannu da hanya, an ce Allah ya sa gaba ta fi baya, don kowa ya san abin da ake nufi da nema a inda ba ka da kowa. To ga ƙungiyar da ke ci-rani ko a ranar da aka ce tana gida, mu kuma ɗiyan ƴan ci-rani mu ne kan gaba wajen jifanta.

Ba ina cewa Mena gwana ba ce. Ba ta kai ba, kuma wanda ya ce ta kai yana yi maka daɗin baki. Sau biyu kacal muka je kofin Afirka, 2012 da 2013. Wasa shida, ba nasara ko ɗaya, canjaras ɗaya da Kwango ta Kinshasa, ƙwallo ɗaya tak, wadda William N'Gounou ya ci Tunisiya. Tun daga nan ba mu koma ba. Ko zuwan farko ma akwai sa'a a ciki: ranar ƙarshe Masar ta ci mu uku da nema, Afirka ta Kudu ta yi canjaras da Saliyo ta hau rawa a fili tana zaton ta wuce, ashe ba su karanta dokar gasar da kyau ba, mu ne muka wuce. Na san duk wannan. Abin da nake ƙi shi ne ƙwaƙwalwar da ke riƙe biyar ɗin Rabat kamar karatun allo, ta manta sauran.

Ga sauran. A watan Nuwamba 2024 Mena ta ci Sudan huɗu da nema a Lome. Kwana huɗu bayan haka ta shiga Akara ta doke Ghana biyu da ɗaya a gaban mutanenta, har Mohammed Kudus ya ɓarar da fenariti a ƙarshen wasa. Maki ɗaya ya raba mu da kofin Afirka, Ghana mai kofi huɗu kuwa ita ce ta ƙarshe a rukunin, a ƙarƙashinmu. Bayan kashin Rabat, an ci Tanzaniya, an ci Kwango ta Barazabil uku da ɗaya a Wagadugu, an bi Zambiya har Ndola an ci ta ɗaya da nema. Mena ta gama ta biyu a rukuninta da maki 15, bayan Maroko kaɗai, kuma da aka jera waɗanda suka zo na biyu a duk Afirka, bambancin ƙwallaye ne ya sa Najeriya ta shige gabanmu, ba yawan maki ba. Kafin nan, a farkon 2023, ƴan wasanmu na cikin gida a ƙarƙashin Haruna Dula sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN a Aljeriya, bayan sun fitar da Kamaru da Ghana. Me aka fi tunawa a fada? Biyar ɗin da Aljeriya ta zura musu. Kullum biyar.

Na gane daga ina ma'aunin ya fito. Gidan kallon da na shiga ba don Mena aka gina shi ba. Real Madrid da Barcelona ke biyan kuɗin man injinsa. Yaro ɗan shekara goma a Madawa zai lissafa maka ƴan benci na Manchester City, amma tambaye shi wa ya ɗauki kofin ƙasarmu bara, sai ya sosa ƙeya. Ni ma da nake wannan rubutu na fi sanin na can, ba zan yi ƙarya ba. Mako bayan mako ido ya saba da ciyawa kamar darduma da ƴan wasan da aka rena a makarantun ƙwallo tun suna shekara takwas. Sai rana ɗaya a nuno namu a allo guda, mu auna su da mudu guda, mu ce mudun bai cika ba. To da me aka cika shi? Maroko tana da makarantar ƙwallo ta Muhammad na shida wadda ta fitar da irin su En-Nesyri da Ounahi, wanda shi ne ma ya zura ta biyar a daren. Mu kuwa manyan ƙungiyoyinmu kusan duk a Yamai suke, da yawansu na soja ne da jandarma da kwastan da ƴan sanda. Yaron da ya iya ƙwallo a Buza, a filin da rabinsa tsakuwa ne, turakunsa itacen dogon yaro, wace hanya zai bi ya kai can? Tafiyar yini guda ce a mota, in yana da kuɗin motar, in yana da inda zai sauka. Hanyar Abijan ta fi masa sauƙi, don a can akwai kawunsa.

Abin mamaki, mun san yadda ake yi wa wanda ya faɗi, don muna yi a kokowa. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ƴan kokowa daga ƙauye suke tasowa, a tace a gunduma, a tace a jiha, a fitar da goma, su haɗu da na sauran jihohi su cika tamanin. Ɗan kokowar da aka kayar mun san garinsu, mun san gonar ubansa, wataƙila mun ci tuwon sunansa. In ya faɗi makaɗi ba ya ajiye ganga, kuma ranar kasuwa dole ku haɗu, saboda haka baki yana tauna magana kafin ya fitar. Cikin tamanin mutum ɗaya ne ke tafiya da takobi, saba'in da tara suna komawa gida, kuma ba a rufe musu ƙofa. Ba na ce a can ba a ƙorafi, ana yi, ana maganar asiri, ana maganar alƙalai. Amma Kadade namu na Tawa ne ranar da ya kayar da ranar da aka kayar da shi. Ɗan Mena kuwa hoto ne a jikin allo. Ba mu taɓa ganinsa yana gumi a gabanmu ba, kuma tun da aka rufe mana fili ko ƴan Yamai ba su gani. Wanda ba ka taɓa haɗa ido da shi ba, zaginsa ba ya da nauyi a harshe.

Wani abokina a nan ƙungiyarmu ta marubuta ya ce mini ina ɓata tawada. Ya ce zagin gidan kallo a Madawa ba ya isa kunnen ɗan wasan da ke Turai ko Maroko, iska ce, ta wuce. Da farko dai yanzu yana isa, don kowa na da waya a aljihu kuma saƙon murya ba ya bukatar biza. Amma ko da bai isa can ba, akwai inda yake isa.

Ƙanena shekararsa goma sha biyar. Shi ne gola na ƙungiyar unguwarsu a gasar da ake yi lokacin babban hutu. Bara sun sha kashi a wasa uku a jere, a na ƙarshen an zura masa shida, ƙungiyar da ta ci su kuwa akwai masu gemu a ciki. Daga ranar sunansa ya koma Kwando. Manya ne suka laƙaba masa, ba yara ba, mutanen da ke zaune a inuwa a gefen fili suna ta da irin kalmomin da suka saba jefa wa allo. Har da "wai an ba shi jaka guda". Yaron da ya tara kuɗin safar hannunsa da ɗaukar albasa a lambu. Bana da na zo hutu na tarar safar tana rataye a ƙusa, ta yi ƙura. Na ce masa ba ka fita? Ya ce: "Yaya, bari dai." Ban sake tambaya ba. Ba na da'awar cewa da ya ci gaba zai zama Kasali Dauda. Wataƙila da gaske bai iya ba. Amma ba za mu sani ba, kuma mutanen da suka kashe masa gwiwa su ne gobe za su zauna a gidan kallo su ce ƙasar nan kaf ba a samu gola ba.

Za a ce mini to sai mu yi shiru ke nan, a ci mu biyar mu tafa? A'a. Da kuɗin jama'a ake sayen tikitin jirgin yaran nan, tutar ƙasa suke sawa, muna da ta cewa. Wanda ya ce bai kamata mai katin gargaɗi ya sake shiga da ƙafa haka ba, ya yi suka. Wanda ya ce da mutum goma ya kamata a rufe baya a rage ɓarna, don bambancin ƙwallaye zai yi aiki daga baya, ya yi suka, kuma lokaci ya nuna yana da gaskiya. Waɗannan jimloli ne masu mai aikatawa, ana iya amsa su, ana iya ƙaryata su. Kuma akwai tambayoyin da suka fi waɗannan girma, waɗanda ban taɓa jin an ɗaga murya a kansu a fadarmu ba. Shekara nawa ƙasa mai mutum fiye da miliyan 25 za ta yi ba ta da fili ɗaya da za ta karɓi baƙo? Nawa ake kashewa wajen hayar filin wasu da otal ɗin wasu, kuma da an tara shi me zai gyara? Me hukumar ƙwallo da ma'aikatar wasanni suka tanadar wa gundumomi irin Madawa da Buza da Keita, ban da kofin da ake kawowa a ɗauki hoto? Waɗannan tambayoyi suna da adireshi, akwai ofis, akwai mai kujera. Wataƙila shi ya sa ba ma yin su. Ɗan baya mai shekara ashirin da biyu ba ya iya yi maka komai, shi ya sa ya fi daɗin zagi.

Dattijon nan mai albasa, ina girmama shi, abokin babana ne, kuma ban iya buɗe baki na faɗa masa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Da ya ce mini "mun ci" a kasuwa, na ce masa: "Baba, ashe mu ne?" Ya dube ni, bai gane ba, ko kuma ya gane ya share. Ya zaɓo albasa uku manya ya ce in kai wa innata.